MUDU BIYU A KASUWA ƊAYA: Yadda A Ke Tauye Gidan Talaka

Yau za mu yi magana ne a kan awo, abin da ko wane ɗayanku ya fi mu sani. Kun san dai ɗan kasuwan da ya ajiye mudu biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa, ba ya daɗewa a rumfa Sarkin Kasuwa bai kore shi ba. To, muna so mu nuna muku wata kasuwa inda a ke awo da mudu biyu da rana tsaka, ana buga wa awon hatimi, har ma wanda aka tauye shi ne ke biyan mai awon ladan aikinsa.

A makon jiya wani dattijo ɗan jam'iyyarmu, mai fataucin albasa da tafarnuwa daga ƙasar Goronyo, ya shigo ofis da wata takarda ta Turanci a hannu. Ya ce, "Malam Akawu, kai da ka yi makarantar Mishan, karanta mini wannan, ka gaya mini ko gidana ne a ke nufi ko na wani." Muka ce, "To, Baba, zauna." Muka karanta tun daga farko har ƙarshe, sa'an nan muka ga ashe gidansa ne a ke nufi, sai dai shi da kansa ba zai gane shi a cikin takardar ba.

Ga yadda abin ya ke. A shekarar 1990 da wani abu ya gaji gidan ƙasa, ya rushe ya mai da shi na bulo da rufin kwano, ya yi ta zirga-zirga har ya sami takardar shaidar mallaka. A 2019 ya jinginar da gidan ga wani banki a birnin Sakkwato. Mai ƙiyasi ya zo ya duba, ya rubuta naira 6,000,000, aka ba shi rancen naira 2,000,000, ya sayi kaya a kaka, ya sayar da bazara, ya biya banki ko kwabo bai rage ba. Daga nan ya ƙara ɗaki biyu a cikin gida da shago ɗaya a ƙofar gida. Bana ya koma yana neman a sabunta jinginar, a ba shi naira 4,000,000 domin ya tari albasa. Aka aiko da mai ƙiyasi, ya tsaya abin da bai kai tsawon sallar azahar ba, ya ɗauki hoto, ya shiga mota. Takarda ta fito ta ce gidan da aka ƙara wa ɗaki biyu da shago kuɗinsa yanzu naira 5,400,000 ne. A ƙasan wannan kuma akwai wani layi, watau farashin gwanjo, naira 3,600,000. Manaja ya ce rabin wannan na ƙasa za su iya bayarwa. Ku lissafa da kanku: naira 1,800,000. Mutum ya biya bashi, ya ƙara gini, sakayyarsa ita ce a ba shi ƙasa da abin da aka ba shi shekara shida da suka wuce.

Jama'a, ku tuna fa da irin shekarun nan. A 2019 dala ɗaya wajen naira 360 ce, a 2024 ta haura naira 1,500. Buhun siminti da a ke saye wajen naira 2,500 a 2019, a farkon 2024 ya kai naira 10,000 a wurare da dama, alhali kuwa ga masana'antar siminti nan a Kalambaina, bakin birnin Sakkwato. Bulo ya hau, kwano ya hau, ƙusa ta hau, ladan magini ya hau. Ko wane abu da aka gina gidan da shi ya hau, gidan ne kaɗai ya sauka. Wane irin lissafi ne wannan?

YADDA A KE AWON

Kada ku zaci sihiri ne. Mai ƙiyasi hanya uku ya kan bi. Ta farko, ya nemi gidaje irin naka da aka sayar a kusa, ya ga nawa aka saye su. Ta biyu, ya lissafa abin da za a kashe a sake gina gidan yau, ya cire na tsufa. Ta uku, ya dubi kuɗin hayar da gidan zai kawo a shekara.

In da hanya ta biyu ya bi da gaskiya, da gidan dattijon nan ya ninka. Amma banki ba ya tambayar abin da ka kashe. Abin da ya ke tambaya ɗaya ne: in wannan mutum ya kasa biya, muka sa gidan a gwanjo, nawa za mu samu, kuma yaushe? Saboda haka sai a koma hanya ta farko. A nan kuwa a ke yanka mu. Mu cinikin gida a garuruwanmu gaban mai unguwa da liman da shaidu a ke yinsa, a rubuta a 'yar takarda, a yi fatiha, dillali ya karɓi la'adarsa, a watse. Babu wani littafin hukuma da ya ke riƙe da waɗannan cinikayya. Mai ƙiyasi ya zo daga birni, ya duba, ya ce bai ga shaidar ciniki ba, sai ya rage domin ya tsare kansa. Sa'an nan ya sake ragewa zuwa farashin gwanjo, wanda galibi a kan sa shi wajen kashi biyu cikin uku. Sa'an nan banki ya yanki nasa kason daga wannan. Ragi uku ke nan a kan gida ɗaya, ko wane ragi yana hawa kan ɗan'uwansa. Bayan wannan duka, kuɗin mai ƙiyasi kai za ka biya, na lauya kai, na kan sarki kai, na rajista kai.

Za a ce mana, ai banki kuɗin jama'a ya ke riƙe da su, dole ya yi hattara. Gaskiya ne, ba mu musa ba, da yawa daga cikinmu ma muna da ajiya a can. Za a kuma ce mai ƙiyasi bai yi ƙarya ba, domin wane attajirin birni ne zai kai kuɗinsa ya sayi gida a Gandi ko a ƙauyukan Goronyo yanzu? Wannan ma mun ji. Amma tun da an kawo maganar, sai mu bi ta har gindinta. Me ya hana mai saye zuwa? Wa ya karya darajar garuruwan nan?

WA YA KARYA DARAJAR GIDAN?

A cikin takardar dattijon nan mun ƙirga dalilai uku da aka kafa hujja da su: rashin tsaro, haɗarin ambaliya, da ƙarancin masu saye. Mu ɗauke su ɗai ɗai.

Rashin tsaro. A watan Yuli na 2018 'yan bindiga suka auka wa Tabanni a ƙasar Raba, suka kashe fiye da mutum 30, waɗanda suka tsira suka yi gudun hijira zuwa Gandi. Ran Lahadi 17 ga Oktoba 2021 suka shiga kasuwar Goronyo tana ci, suka kashe fiye da mutum 40. A wannan shekara kuma, a watan Satumba, aka yanke layin tarho a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, ɗan kasuwa ya koma ba ya iya jin farashin Legas ko Anacha sai ya yi tafiya. To, mai albasa ne ke da soja? Shi ke da 'yan sanda? Tsaron rai da dukiya shi ne aikin farko na ko wace gwamnati. Ita ta gaza, amma a kan gidansa aka rubuta tarar gazawar.

Ambaliya. Madatsar Goronyo da aka gama a 1984 a kan Gulbin Rima, ba talaka ya gina ta ba, ba shi ke riƙe da mabuɗin ƙofofinta ba. A watan Satumba na 2010 ruwa ya cinye gidaje da gonaki tun daga Goronyo har Wurno da Kware, ya yi gaba da gadar da ke kai wa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Wanda ruwa ya ci wa gida a shekarar nan ya yi hasara sau ɗaya. Yanzu kuma duk sa'ad da ya je neman rance sai a sake cire masa, a ce gidansa yana hanyar ruwa.

Ƙarancin masu saye. Wannan ɗan waɗancan biyun ne, sai kuma rashin takarda, wanda za mu zo kansa. Abin da mu ke so ku lura da shi shi ne mudun. In za ka sayi siminti, nisan garinku daga birni ƙara maka kuɗi ya ke yi. In za a ƙiyasta gidan da ka gina da simintin, nisan nan rage maka kuɗi ya ke yi. Mai karɓar kuɗin rumfa da na lodi, kun taɓa jin ya ce tun da babu tsaro bana ku biya rabi? Kakanninmu sun ba da labarin malaman taki da a ke aikawa a ƙasar Kano zamanin Turawa su auna gona da ƙafa domin haraji. In awon na karɓa ne, ƙafar hukuma ba ta gajiya. In na bayarwa ne, nan da nan sai ta gurgunce.

Wannan dabara ba a nan aka fara ta ba. A Amurka, cikin shekarun 1930, wata hukumar gwamnati ta zana taswirar birane, ta ja jan layi ta kewaye unguwannin baƙar fata da na matalauta, ta ce akwai haɗari a ba su rance. Bankuna suka janye hannu, gidaje suka lalace saboda babu kuɗin gyara, sai aka nuna lalacewar aka ce, kun gani, ai da ma mun faɗa. Sai a 1968 aka yi dokar hana nuna bambanci a sha'anin gidaje. Mu ba a zana mana layi da jan alƙalami ba, amma duk ɗan gabashin Sakkwato da ya taɓa zama gaban manaja ya san inda layin ya bi.

ƘASAR TA WA CE?

Yanzu ga babbar magana. Da yawa daga cikinku ko ƙofar ƙiyasi ba za ku kai ba, domin ba ku da takardar da banki ya ke karɓa. A watan Maris na 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, aka kuma ɗinke ta a jikin Tsarin Mulki, yadda ba a iya taɓa ta sai an taɓa Tsarin Mulkin. Dokar ta ce ƙasar ko wace jiha tana hannun Gwamna, amana ce ya ke riƙe wa jama'a. Kai abin da ka ke da shi izinin zama ne, wanda a kan rubuta shekara 99 a takardarsa. Filin da ba na birni ba, ƙaramar hukuma ke ba da izininsa na gargajiya, bankuna kuwa ba su cika kallon wannan da daraja ba. Sa'an nan sashe na 22 ya ce mai takardar Gwamna ba ya jinginar da gidansa sai da yardar Gwamna. A 1989 Kotun Ƙoli, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, ta tabbatar cewa jinginar da aka yi ba da wannan yarda ba, banza ce. Tun daga ranar ko wane banki sai ya ga sa hannu kafin ya saki kuɗi, kai kuwa albasa ba ta jiran sa hannun kowa.

Mu 'yan Arewa mun daɗe da wannan. Turawa sun ci Sakkwato a 1903, a 1910 suka yi dokar da ta sa ƙasar Arewa a hannun Gwamna, a 1962 Gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta ta. Hula ce kawai a ke canjawa. Wurno ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ce, a nan ya rasu a 1837, a nan kabarinsa ya ke. Raba mahaifar Sardauna Ahmadu Bello ce. Akwai gidajen da zuriya ɗaya ke zaune a ciki tun kafin a san da wata ƙasa mai suna Nijeriya, amma a idon banki ba su kai filin da aka yanka wa wani babban ma'aikaci jiya a birni ba, domin shi yana da takarda, su ba su da ita.

Mudun nan dai shi ne a ke awon diyya da shi. Dokar 1978 ta ce in hukuma ta karɓe wuri, gini da shuka a ke biya, ba a biyan ƙasar kanta. Manoman Bakalori, kusa da Talatar Mafara, lokacin tana cikin Jihar Sakkwato, sun tsaya a kan diyyar gonakinsu da aikin madatsa ya cinye. A watan Afrilu na 1980 aka aika musu da 'yan sanda masu bindiga. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan na waɗanda suka mutu, mutanen wurin suka ce ɗaruruwa ne. Duk wanda ya ce maganar ƙiyasi ƙaramar magana ce ta 'yan boko, a tuna masa da Bakalori.

ABIN DA ZA KA YI IN AN TAUYE KA

Ba mu tara ku domin kuka ba. Ga abin da muka gaya wa dattijon nan, muna kuma gaya wa kowa.

Na ɗaya, kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a ranar da aka nuna maka adadi. Ka ce a ba ka kwafin takardar ƙiyasin, tun da kai ka biya kuɗinta. Ka kawo ofishin jam'iyya a karanta maka kyauta.

Na biyu, a duba kuskure. A takardar da muka karanta an rubuta ɗaki biyar alhali bakwai ne, shagon kuwa ko ambatonsa ba a yi ba. A duba faɗin fili, da yawan ɗakuna, da irin rufi, da rijiya, da katanga.

Na uku, ka tara shaidarka. Je wurin mai unguwa da dillalai, ka samo takardun gidaje biyu ko uku da aka sayar a unguwarku kwanan nan, da rasit na siminti da kwano, da shaidar kuɗin hayar shago. Ka rubuta wa banki a sake dubawa, ka riƙe kwafi.

Na huɗu, ka tambayi sunan mai ƙiyasin da lambar rajistarsa. Tun 1975 doka ta kafa hukumar da ke yi wa masu wannan sana'a rajista, wanda ba shi cikin littafinta ba shi da ikon sa hatimi. Kana iya neman a aiko da wani daga cikin waɗanda bankin ya yarda da su, kana kuma iya kai takardunka wani banki. In ka kai ƙara banki ya yi mako biyu bai warware ba, Babban Bankin Nijeriya yana da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna.

Na biyar, ka sani ba gida kaɗai a ke jinginarwa ba. A 2016 Babban Banki ya buɗe rajistar jinginar kayan da a ke iya ɗagawa, a 2017 aka yi mata doka. Shanu, da injin ban ruwa, da injin shinkafa, da hajar da ke cikin sito, duk doka ta yarda su tsaya. In manaja ya ce bai sani ba, ka tuna masa. Wanda kuma ya ke gudun kuɗin ruwa, akwai bankunan da ba sa karɓarsa, Jaiz ya fara aiki tun 2012, amma ya sani su ma su kan nemi jingina, su kan kuma aiko da mai ƙiyasi.

Na shida, wanda ya fi duka nauyi. In rancen da za a ba ka bai isa cinikin da ka nufa ba, kada ka miƙa gidan iyalinka domin ɗan abin da ba zai kai ka ko'ina ba. Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen 2024, na 'yan kasuwa kuwa sama da wannan ya ke hawa. Albasa ta kan ruɓe a rumbu, farashi ya kan faɗi dare ɗaya, bashi kuwa ba ya ruɓewa. Farashin gwanjon nan da ka gani a ƙasan takarda, shi ne kuɗin da za a sayar da gidanka in ka faɗi. Gwamma a rage buri bana, a koma ga adashi da ƙungiyar gama-kai, da a wayi gari mata da yara suna waje.

ABIN DA JAM'IYYA KE NEMA

Wannan duka maganin mutum ɗaya ne. Maganin gari yana hannun hukuma, saboda haka muna nema a fili:

A aiko da safiyo Wurno da Raba da Goronyo, unguwa unguwa, a auna gidajen gado, a ba masu su takardar mallaka a kan kuɗi kaɗan da aka rubuta aka manna a bango, ba tare da sai mutum ya san wani a birni ba.

A buɗe littafin cinikin gidaje da filaye a sakatariyar ko wace ƙaramar hukuma, wanda kowa zai iya dubawa, domin kada wani ya sake cewa bai ga shaida ba.

A yanka wa'adin kwanaki ga yardar Gwamna a kan jingina, in wa'adi ya cika ba amsa, a ɗauka an yarda.

A tilasta a ba mai gida takardar ƙiyasi da Hausa, boko ko ajami, da dalilin ko wane ragi.

A gyara dokar diyya, a riƙa biyan ƙasar kanta a kan abin da ta ke yi a kasuwa.

A bisa duka kuma a kawo tsaro, domin ranar da mota za ta tashi daga Achida ta isa Goronyo da dare ba fargaba, ranar gidajenmu za su tashi ba sai an roƙi kowa ba.

Masu cin moriyar mudu biyu za su ce mafarki mu ke yi. Haka aka ce wa mutum takwas ɗin da suka kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950. An yi ta ɗaure mabiyansu, an yi musu bulala, aka ce haraji da jangali ba za su taɓa tashi ba. A 1979 Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su. Mahukuntanmu kuma duk sun yi makarantar allo, sun san akwai sura sukutum a kan masu tauye mudu, ba sai mun karanta musu ba.

Dattijon nan bai sa hannu ba. Ya koma gida neman takardun cinikin maƙwabtansa, mun kuma rubuta masa wasiƙar neman sake awo. Duk wanda ke da irin wannan takarda, ko ta banki ko ta diyya, ya kawo ta ofishin reshen garinsu ranar kasuwa. Za mu karanta, mu tara su wuri ɗaya, mu buga lissafinsu a wannan jarida ba tare da sunan kowa ba, domin mahukunta su ga mudun da a ke auna talakawansu da shi. Allah ya ba mu sa'a, amin.